Ina Shekarun da Jirgin Sama Ya Rage Mana?

Tsakanin Kano da Jidda, in an bi ta sama, akwai fiye da mil 2,000. Jirgin sama yakan cinye wannan tazara cikin kamar awa 5.

A zamanin kakanninmu, mai niyyar Hajji daga Ƙaura Namoda ko Shinkafi sai ya raba gado tun yana da rai, ya nufi gabas a ƙasa. Ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, yana tsayawa ƙwadago don neman guzuri, har ya kai bakin Bahar Maliya. Wani ya shekara 7 kafin ya komo, wani kuwa can ƙasa ta rufe idonsa. Jirgin sama bai fara sauka Kano ba sai 1925, jirgin ƙasa kuma ya iso Ƙaura a 1929.

To, shin wa ya fi lada, mai ƙafa ko mai jirgi? Wannan sanin Allah ne, domin Shi ke duban niyya. Tambayar da ta shafe mu ita ce: shekarun nan da jirgi ya rage maka, me ka yi da su?

Lokaci amana ne. Wanda ya je Makka ya komo cikin wata guda, amma ya shekara bai gai da ɗan'uwansa a Zurmi ba, ya ci wannan amana. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Allah Ya sa mu gane.