HUKUNCIN GAYYAR SOƊI A MUSULUNCI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, ruwa ya shiga gonakin Kura da Bunkure da Kadawa, Allah Ya yi wa mutanen wannan yanki buɗi. Da an yanke alkama ko shinkafa sai bukukuwa su kankama, ga ɗaurin aure, ga suna, ga walimar saukar karatu. Tare da wannan alheri kuwa akwai wata ɗabi'a mai bukatar gyara, watau gayyar soɗi. Har akan sami saurayin da zai shiga birni ya tarar ana bikin buɗe nunin zane-zane da kayan sana'ar hannu, irin wanda akan yi a gidajen tarihi kamar Gidan Makama, sai ya saje da masu katin gayyata, ya hau kujerar baƙi, ya ci ya sha, ya komo gida yana fariya da wayonsa. To, mene ne matsayin wannan a shari'a?

Larabawa suna kiran mai wannan hali ɗufaili, suna danganta shi ga wani mutumin Kufa mai suna Ɗufailu, wanda ba a yin biki bai kutsa kai ba. Malam Haɗibu na Bagadaza, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, littafi guda ya wallafa a kan labaran irin waɗannan mutane.

A cikin Suratul Ahzabi, aya ta 53, Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana muminai shiga ɗakunan Annabi don cin abinci sai an yi musu izini, Ya kuma umurce su da su watse in sun ƙare. Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa wani sahabi, Abu Shu'aibu, ya sa an dafa abincin mutum biyar, ya gayyaci Annabi, Sallallahu Alaihi Wasallama, a cikon na biyar ɗin. Sai wani mutum ya biyo su. Annabi bai wuce da shi haka nan ba, sai da ya sanar da mai gida, ya ba shi zaɓi ko ya yi masa izini ko mutumin ya koma. Mai gida ya yi izini. In har Fiyayyen Halitta bai shigar da mutum ɗaya ba sai da yardar mai abinci, ina ga wanda ya kai kansa? Saboda haka Shehu Halilu ya tabbatar a cikin Muhtasar cewa wanda ba a kira ba, ba ya shiga walima sai da izini.

Manomin rani ya fi kowa gane hikimar wannan. Wanda ya fasa ruwa zuwa fangalinsa ba ranar rabonsa ba, ya san shukar na ƙasa da shi ce za ta yi yaushi. Haka abincin da aka auna wa mutum hamsin yake. Kada kuma a ce ai mai gida ya gani bai hana ba, domin sau da yawa kunya ce ta rufe masa baki, dukiyar Musulmi kuwa ba ta halatta sai da daɗin ransa.

Amma akwai bambanci tsakanin taro da taro. Ɗaurin auren da aka yi shelarsa a masallaci, da wa'azi, da jana'iza, da ranakun da aka buɗe nuni ga kowa da kowa, duk waɗannan izininsu na gama-gari ne, babu laifi ga wanda ya je. Inda aka ƙidaya kujeru aka raba kati, nan ne ake bukatar izini na musamman. Mai sha'awar kallo sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama ya faɗi gaskiya. In an ce ya koma, ya koma ba da fushi ba, gama Suratun Nuri, aya ta 28, ta nuna komawar ita ce mafi tsarki a gare shi.

Masu gayyata su ma akwai nauyi a wuyansu. Ya zo a hadisin Abu Huraira cewa mafi sharrin abinci shi ne na walimar da aka kira mawadata aka bar matalauta. 'Yan ci-ranin da suka yi dashe da tsinkar tumatir cikin sanyi da rana, bai kamata a manta da su ran biki ba, har yunwa ta sa su raɓe a bakin zaure. A ware musu akushinsu, a kira su da mutunci.

Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne, loma ɗaya kuwa ba ta kai a sayar da mutunci dominta ba. Allah Ya azurta Musulmi da wadatar zuci, Ya tsare cikkunansu daga haram. Amin.