Rigakafi Da Tawakkali: Hukuncin Allurar Kariya Daga Ƙwayoyi Masu Kisa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, sanin kowa ne cewa shan kodin da taramol ya ɓata matasa da dama a ƙasar Kano, tun daga birni har garuruwa irin su Gude da Kabo da Gwarzo. Abin ya kai ga Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018.

A Amurka kuwa masifar ita ce fentanil, ƙwayar da ta fi mofin ƙarfi kamar sau ɗari, wadda ke tsayar da numfashi. A 2022 masana a Jami'ar Houston suka gwada wata allurar rigakafi a jikin ɓeraye. Allurar tana sa jini ya kama ƙwayar kafin ta isa ƙwaƙwalwa.

To, shin neman irin wannan kariya ya saɓa wa tawakkali? Ko kusa. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham sa'ad da ya ji annoba ta ɓarke, ya kuwa nuna wa sahabbai cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Kiyaye rai da hankali suna cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare. Don haka duk maganin da masana suka tabbatar zai tsare rai, halal ne a neme shi.

Sai dai a lura. An ƙera wannan allura ne domin fentanil kaɗai, ba domin taramol ko kodin ba. Kuma ko ta hana mutuwa, ba ta halatta maye, domin aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta haramta giya, Annabi kuma ya haɗa kowane abu mai sa maye a cikin hukuncinta.

Rigakafin da ke hannun iyaye a yau shi ne su san abokan 'ya'yansu da inda suke kwana. Wanda ya riga ya faɗa kuwa, a kai shi asibiti, kada a ɗaure shi da mari ko a kore shi daga gida. Mai kemis da ke sayar da waɗannan ƙwayoyi ba da takardar likita ba, ya sani zai amsa tambaya ranar gobe ƙiyama.

Allah Ya shirya zuriyar Musulmi, amin.