Amanar Jinjiri da Dabba a Ƙasar Yuraniyom

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai siffanta bayi a cikin mahaifa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, ku ji tsoron Allah game da bayin da ba su da bakin kai ƙara, wato ɗan tayi da jinjiri da dabba.

Allah Ya ajiye arziki a ƙarƙashin ƙasarmu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, kuma tun 1981 kamfanin Sonichar yake ƙona gawayin ƙasa a nan Cirozerin don bai wa ma'adinan lantarki. To, amma ni'imar ta bar shara. Da aka rufe Cominak a 2021, an bar tarkacen tama mai guba kimanin tan miliyan 20 kusa da Akokan. A 2009 ƙungiyar Greenpeace ta auna ruwa a wurare 5 a yankin Arlit, ta tarar a 4 daga ciki yuraniyom ya zarce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade.

Ku sani, yuraniyom yana lalata ƙoda. Radiyom da ke cikin tarkacen yana kama da sinadarin da ke gina ƙashi, sai jiki ya karɓe shi ya adana a ƙashin yaro mai tasowa. Hayaƙin gawayi kuwa yana ɗauke da zaiba, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Jikin da ke girma ya fi na babba saurin cutuwa, ko na ɗan Adam ne ko na ɗan raƙumi ko barewa, kuma abin da akuya ta sha yana iya biyo nononta zuwa bakin 'ya'yanmu.

Suratur Rum, aya ta 41, ta jingina ɓarnar tudu da teku ga aikin hannun mutane. Kuma ya inganta cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwa guda da ta tsare har ta mutu. To, ina ga wanda ya gurɓata rijiyar gari?

Saboda haka, kada ɗan kasuwa ya sayar da tsohon ƙarfen ma'adini a yi tukunya ko rufin ɗaki. Tun 2003 masu bincike suka gano irinsa mai guba a kasuwar Arlit. Ma'aikaci kada ya shiga gida da ƙurar kayan aiki. Makiyayi ya nisanta garkensa daga tafkunan dagwalo. Hukuma da kamfanoni kuma, wajibi ne su rufe tarkacen, su auna rijiyoyi, su bayyana wa jama'a sakamako, domin ɓoye cuta ha'inci ne.

Allah Ka tsare zuriyarmu da dabbobinmu, Ka shiryar da shugabanninmu. Amin.