Harshen Takarda da Harshen Ciwo: Alhakin Wa?

Masu hikima sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Idan haka lamarin yake a kasuwa da dandali, to ina ga bakin gadon asibiti, inda kalma guda kan raba tsakanin sauƙi da ajali? Tambayar da muke son mu ɗan tattauna a kanta ita ce: ɗalibar aikin jinya da Turanci ya yi wa shamaki, shin laifi ne a kanta ko kuwa uzuri?

Da farko dai ya kamata mu san cewa aikin jinya na zamani da rigar Turanci ya zo mana. A birnin Landan ne Florence Nightingale ta buɗe makarantarta a Asibitin St Thomas a shekarar 1860, kuma tsarin Ingila ne ƙasarmu ta gada. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta Nijeriya, wadda doka ta 89 ta shekarar 1979 ta kafa, da Turanci take shirya jarrabawarta. Daɗin daɗawa, Turancin asibiti ba Turanci ba ne zalla, domin cike yake da kalmomin Girkanci da Latin. Alal misali, likita kan rubuta b.d. yana nufin sau biyu a rana, ko t.d.s. yana nufin sau uku. Ke nan ɗalibar da ta tashi da Hausa ko Yarbanci ko Ibo, hawa biyu za ta yi kafin ta kai ga ilimin kansa.

To amma ciwo ba ya jin Turanci. A ƙasar da ke da harsuna fiye da 500, da harshen uwa marar lafiya kan yi nishi. Mu ɗauki Bahaushiyar Sabo da aka kwantar a wani asibiti a Ibadan. In ta ce zuciyarta na tashi, amai take ji, ba ciwon zuciya ba. In ta ce shawara ce ke damun ɗanta, ba nasiha take nema ba, idon yaron ne ya yi rawaya. In ta ce ciwon sanyi, sau da yawa kunya ce ta sa ta sakaya. Uwa uba, ko tana kan gargara, in an tambaye ta jiki, cewa za ta yi da sauƙi. Duk wanda ya rubuta wannan amsa a takarda bai dubi fuskarta ba, ya rubuta ƙarya da alƙalamin gaskiya. Ai labarin zuciya a tambayi fuska.

Kada mu zaci wannan matsala tamu ce mu kaɗai. A shekarar 1980, a jihar Florida ta Amurka, an kai wani saurayi ɗan shekara 18 asibiti a sume. Danginsa, masu jin Sifaniyanci, suka ce intoxicado, wato ya ci ko ya sha abin da ya ɓata masa jiki. Ma'aikata suka ɗauke ta a matsayin kalmar Turanci mai kama da ita, wadda ke nufin maye, suka yi ta maganin ƙwaya, alhali jini ne ke zuba a ƙwaƙwalwarsa. Kafin a farga an makara, hannuwa da ƙafafunsa suka shanye. Ba ƙarancin magani ne ya cuce shi ba, zato ne da aka yi a inda ya kamata a yi tambaya.

A nan ne muke ganin amsar tambayarmu take. Rashin ƙwarewa a harshen da ba a haifi mutum da shi ba, ba zunubi ba ne, kuma ba ma'aunin basira ba ne. Laifin yana farawa ne a lokacin da ɗaliba ta gyaɗa kai ga umarnin da ba ta fahimta ba, don gudun kada a yi mata dariya. A wannan lokaci ta fifita mutuncinta a kan ran da aka ba ta amana. Haka nan wadda Turanci ya zauna mata a baki, amma take watsa wa tsohuwa kalmomin da ba ta ganewa, ita ma ta ci amana, don bayanin da bai shiga kunne ba, ba a yi shi ba.

Sai dai alhakin bai tsaya a kan ɗalibai ba. Malamin da ya mai da kuskuren lafazi abin ba'a a gaban aji, shi ne ya shuka shirun da zai yi ɓarna a ɗakin majinyata. Mu ma masu nazarin harshe muna da namu kason, domin tattara sunayen cututtuka da fassara bayanin magunguna aikinmu ne.

Saboda haka, kiranmu ga ɗalibai shi ne su riƙi Turanci da hannu biyu, tun da shi ne mabuɗin littafi, su kuma riƙi harsunan jama'a, tun da su ne mabuɗin zuciya. Wadda ta ce, “Malama, a sake maimaita mini,” ba ta faɗi ba. Matambayi ba ya ɓata, ba kuma ya ɓatar da wanda ke kwance a hannunsa.