Juji, Taki da Hukuncin Tsarki a Ƙasar Daura

Ƙasar Daura, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura da Mai'adua da Zango da Baure da Sandamu, yawancinta jigawa ce, wato ƙasa mai yashi wadda ruwa ke ratsawa da sauri ba tare da ta riƙe shi ba, kuma daminarta ba ta cika wuce wata huɗu ba. Idan kaka ta yi aka kai gero da dawa rumbu, sai hankalin manoma da dama ya koma fadamu da bakin madatsun ruwa irin su Daberam da Sabke, inda ake dasa tumatir da albasa da tattasai da attaruhu, ake kuma shuka latas da kabeji da karas, domin sanyin hunturu ya fi dacewa da su fiye da zafin bazara. Lambu kuwa ba ya yi sai da taki, kuma daga nan ne wata tsohuwar tambaya take tasowa, wadda malaman fiƙihu suka daɗe da tattaunawa: yaya abin da ake ƙyama, wanda wani sashensa ma najasa ne, yake zama sanadin abincin da ake ci da bisimilla?

Mazhabar Malikiyya, wadda mutanen wannan ƙasa suke bi, ba ta ɗauki kashin dabbobi a kan hukunci guda ba. Kashi da fitsarin dabbar da ake cin namanta, kamar saniya da akuya da tunkiya da raƙumi da kaza, tsarkakakku ne muddin dabbar ba ta cin najasa, kuma daga cikin hujjojin wannan akwai izinin da aka ruwaito na yin salla a garken tumaki da awaki. Kashin jaki da doki, da bayan gidan ɗan Adam, da jinin yanka da ya kwarara, su najasa ne. Shafi'iyya sun tsananta fiye da haka, domin a wurinsu kowane kashin dabba najasa ne. Duk da wannan rarrabewa, Shaihu Halil ɗan Ishaƙ, malamin Masar na ƙarni na 14 wanda ake karanta Muhtasarinsa a zaurukan Daura da Katsina da Kano, ya lissafa shukar da aka raina da najasa cikin abubuwa masu tsarki, a gefen giyar da ta rikiɗe ta zama khal, wato ruwan tsami. Ma'anar da ke ƙarƙashin wannan hukunci ita ce istihala, wato sauyawar abu daga haƙiƙarsa zuwa wata haƙiƙa dabam, ta yadda sunansa da siffarsa na farko suke gushewa. Hanbaliyya, a mashahurin zancensu, ba su yarda da haka ba a kan amfanin gona sai an shayar da shi da ruwa mai tsarki daga baya, kuma saɓanin ya samo asali tun zamanin sahabbai, domin an ruwaito cewa Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas yana zuba wa gonarsa irin wannan taki, alhali Abdullahi ɗan Umar yana hana masu hayar gonarsa yin haka.

Abin da malamai suka kira istihala manomi yana ganinsa da idonsa a ramin taki. Idan aka jera busassun abubuwa, kamar ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da ganyen da ya zube, aka bi su da ɗanyu, kamar ruɓaɓɓen kayan miya da kashin dabbobi, aka yayyafa ruwa, sai ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su fara ci, tsibin ya ɗauki zafin da kan kai digiri 55 zuwa 65 a ma'aunin Salsiyas. Wannan zafi shi ne yake kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa, kuma ba ya ɗorewa sai ana juya tsibin domin iska ta shiga, ana kuma kare shi daga busasshiyar iskar hunturu a rami ko a inuwa. Bayan wata biyu zuwa uku, abin da ya fito baƙi ne mai laushi, warinsa warin ƙasa. A nan ilimin lafiya ya ƙara wani sharaɗi a kan hukuncin fiƙihu, domin halaccin cin shukar bai kawar da haɗarin zuba ɗanyen kashi a kan latas ko kabeji da ake ci ba tare da dafawa ba, kuma tsarki a ma'anar ibada dabam yake da kuɓuta daga cuta. Mai lambun da ya yi gaggawar amfani da takin da bai ruɓe ba bai saɓa wa babin ɗahara ba, amma ya taɓa wata ƙa'ida mafi faɗi, wadda ta hana cutarwa da kuma ramawa da cutarwa.

Wannan ƙa'ida ce take bayyana matsalar jujin yau. Manoman ƙasar Hausa sun daɗe suna ɗaukar juji a matsayin dukiya: ana tara toka da shara da kashin awakin gida, a loda a mangala, jakuna su kai gona kafin faɗuwar ruwa, kuma masanin ƙasa Michael Mortimore ya nuna cewa irin wannan jigila tana daga cikin abin da ya sa gonakin kewayen Kano suka jure noma shekara da shekaru ba tare da hutu ba. Jujin wancan zamani duk abin da ke cikinsa mai ruɓewa ne. Na yanzu ya cika da leda da robar ruwa da fasassun kwalabe da mataccen batir, waɗanda babu najasa ko ɗaya a cikinsu, har mutum zai iya salla da leda a aljihunsa. Amma kashin jaki, da yake najasa, yana sauyawa ya ciyar da ƙasa, leda mai tsarki kuwa ba ta sauyawa, tana toshe magudanar ruwa, tana hana saiwa ratsa ƙasa, tana kashe akuyar da ta haɗiye ta. Wanda ya tsaya ga babin tsarki kaɗai zai ƙyamaci abin da ke da amfani ya kuma saki jiki da abin da ke cutarwa, kuma wannan kuskure ne da bai dace da al'umma mai dogon tarihin karatu irin ta Daura ba. Ƙona jujin, wanda shi ne mafitar da aka fi yi, yana tura sinadarin naitirojin da ganye ke buƙata zuwa sama tare da hayaƙin roba mai cutar da huhun maƙwabta, ya bar toka kawai.

Dalilin da ya sa aikin haɗa taki ya fi ƙarfin gida ɗaya shi ne cewa ragowar gona a wannan ƙasa tana da masu jiranta. Harawa da karmami abincin dabba ne mai tsada da rani, karan dawa da na gero kuma suna tafiya a danga da murhu, saboda haka abin da ya rage domin taki yana taruwa ne a wuraren da jama'a ke haɗuwa: kasuwar kayan miya, da kara irin ta kasuwar Mai'adua inda dabbobi ke yini, da mahauta inda ake zubar da abin da ke cikin tumbi, da ɗakunan girkin makarantun kwana da manyan makarantu. Shugaban irin wannan wuri amana ce a hannunsa, kuma ware abin da ke ruɓewa daga abin da ba ya ruɓewa tun a wurin zubarwa ya shiga cikin hanin da Alƙur'ani ya yi ga almubazzaranci, ya kuma shiga cikin kawar da ƙazanta daga hanya, wanda hadisi ya ƙidaya cikin sadaka. Buƙatar irin wannan taki kuwa a fili take, domin buhun takin zamani da aka sayar a kan naira 5,500 ƙarƙashin shirin gwamnatin tarayya a 2017 ya ninka sau da yawa bayan 2022, kuma ko da ya yi araha, ba ya ba yashi ikon riƙe ruwa kamar yadda ruɓaɓɓen taki yake yi.

Saura batun ciniki, wanda ba a rasa shi da zarar unguwa ko ƙungiyar 'yan kasuwa ta fara haɗa taki da yawa. Asali a Malikiyya shi ne haramcin sayar da najasa, amma Mudawwana, babban littafin mazhabar, ta kawo ra'ayin biyu daga cikin malamanta na farko: Ibnul Ƙasim bai ga laifin sayar da kashin dabbobin da ba a ci ba, yayin da Ashhabu ya ga mai saye ya fi mai sayarwa uzuri. Malaman baya, ciki har da Ibn Asim na Andalus wanda ya rasu a 1426, sun ambaci rangwame a kansa saboda lalura. Takin shanu da awaki da kaji ba ya cikin wannan saɓani tun farko, kuma shi ne mafi yawan abin da ake samu a karar dabbobi da gidajen ƙasar Daura.