Hasashen likita: duba ne ko karatun alama?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ga wata mas'ala. An shigar da dattijo cikin na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da ake kira IRM, aka duba wata ƙaramar gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, wadda likitoci ke ce wa furostat. Likita ya kalli hoton ya ce da alama sankara ce mai sanyin tafiya, ko kuwa mai zafi ce wadda za ta bazu. Shin wannan ba kutsawa cikin gaibu ba ne?

A'a. Mai duba yana da'awar sanin gobe babu hujja. Likita kuwa yana karanta abin da ya riga ya wanzu a jiki. Ƙwayoyin sankara mai zafi sukan cunkushe su hana ruwan jiki yawo a tsakaninsu, na'urar kuma tana nuna wurin. Tun 2012 aka tsara ma'auni daga 1 zuwa 5 na ƙarfin zato, kuma ba a yanke hukunci sai an ciro ɗan nama da allura an auna shi da ma'aunin da likita Donald Gleason na Amurka ya fitar a 1966. Manomin da ya ga hadari a gabas ya ce za a yi ruwa bai yi bokanci ba, ko da hadarin ya washe.

Amfanin wannan hasashe babba ne, domin tiyata tana iya barin mutum da yoyon fitsari da rauni wajen iyali. Wanda ya san wahalar riƙe alwala ba zai raina wannan ba. A Birtaniya an bi maza 1,643 waɗanda aka gano cutarsu tun ba ta bazu ba. A 2023 aka bayyana cewa bayan shekara 15, kusan 97 cikin 100 ba su mutu da ita ba, da waɗanda aka yi wa tiyata, da waɗanda aka gasa wa wurin da haske, da waɗanda aka fara da sa musu ido. Ashe ba kowace sankara ke bukatar wuƙa nan take ba.

A ganina haɗarin yana wajen mayar da zato yaƙini. A 2024 wani bincike ya nuna na'ura mai ƙwaƙwalwa ta ɗara matsakaicin likitoci 62 wajen gane mai zafi a hoto. To, amma hotunan daga Holand da Norwe suka fito, alhali a Ingila an ƙiyasta cutar tana kama ɗaya cikin maza baƙaƙe huɗu, fararen fata kuwa ɗaya cikin takwas. Dole a gwada ta a kan irin jikinmu kafin a sakankance da ita.

Wanda aka ce wa tasa mai zafi ce kada ya fara rabon gado, ajalinsa ba ya cikin hoto. Wanda aka ce wa mai sanyi ce, shi na fi ji wa tsoro, domin yakan koma gida ya manta, yana kiran hakan tawakkali. Sharaɗin jiran shi ne komawa asibiti a kan lokaci, a sake gwajin jini, a sake hoto, domin mai sanyi tana iya sauya hali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.