WUTA TA BIYU



Kwanan baya ɗan ƙanena ya zo daga Yamai da wata wuƙar aljihu, irin mai naɗewa, ƙirar Turai. Da ya faɗa mini kuɗinta sai na riƙe baki, gama ya fi na tunkiya. A takardarta an rubuta lamba 60. Ya ce wannan shi ne awon taurinta. Akwai wata na'ura, ana ce da ita Rockwell, mai tsinin dutsen daimon. Akan danna tsinin a kan ƙarfe da nauyin kilo 150, a auna zurfin ramin da ya yi. In ramin bai yi zurfi ba, lambar ta hau. Wuƙaƙe masu tsada sukan tsaya wajen 58 zuwa 62.

Na ce masa, “To, don me ba su kai ta 70 ba, tun da tauri ake saye?” Ya ce, “Baba, ai sai ta karye.”

Maganar nan ta tuna mini da maƙerin garinmu, inda mukan tsaya mu ja masa zuga-zugi in mun taso daga makarantar mishan. Ƙarfen wuƙa ƙarfe ne da aka gauraya da kabon, wato ainihin abin da ke cikin gawayi, kaɗan ƙwarai, wajen kashi 1 cikin 100. Maƙeri yakan sa shi cikin wuta har ya yi ja. A wajen digiri 770 ƙarfe yakan daina kama maganaɗisu, in an ƙara kaɗan, wajen 800, ya isa. Sai ya ɗauko shi da awartaki ya tsoma cikin ruwa ko mai, nan take. Irin ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ake ƙera wuƙaƙen Turai da yawa da shi, sai ya wuce digiri 1,000.

Bayan tsomawa ƙarfen ya yi tauri matuƙa, ko magagari ba ya cinsa. Amma bai zama wuƙa ba tukuna. In ya faɗi a kan uwar maƙera, yana iya fashewa kamar kwalba. Saboda haka maƙeri yakan goge shi ya yi fari, ya mayar da shi kusa da wuta, wuta mai sauƙi, wajen digiri 200 ko sama kaɗan. A nan ba a zuga, ba a duka. Ido kawai yakan zuba, har ƙarfen ya ɗauki launin busasshen karan gero, sai ya janye. In ya yi sakaci ya kai shuɗi, kaifin ba zai daɗe ba. A manyan maƙeru na Turai tanda suke sa shi, sa'a biyu, wani lokaci har sau biyu. Wutar nan takan rage masa tauri kaɗan, ta ba shi jimiri.

Yanzu ku buɗe Bishara ta hannun Yahaya, sura 18. A daren da aka kama Ubangiji, Bitrus ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist. Shi ne kuma ya riga ya yi alkawari cewa ko duka sun gudu, shi ba zai gudu ba. Wa ya kai shi tauri? Amma a daren nan, wata baiwa mai tsaron ƙofa ta yi masa tambaya guda, ya musa. Ya je ya tsaya yana jin ɗumin wutar gawayi tare da bayi da dogarai, ya sāke musu, har sau uku ke nan. Tambayar yarinya ce ta fara fasa shi.

Ku juya zuwa sura 21. A bakin Tekun Tibariya, da asuba, ga wutar gawayi kuma, da kifi a kai, da gurasa. Wannan karo Yesu ne mai wutar. Bai yi masa tsawa ba. Sai da suka ci, sa'an nan ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, har abin ya yi wa Bitrus zafi. Bayan haka ya danƙa masa tumakinsa. Mutumin nan da ya sare kunne, shi ne daga baya ya rubuta wa masu bi, a wasiƙarsa ta fari sura 3, cewa in an tambaye su dalilin begensu, su amsa da tawali'u.

Mu masu bi na ƙauyuka mun san wuta ta fari. Waɗansunmu an ƙi su a cikin dangi, waɗansu an hana su aure, waɗansu sun sha gori a bakin rijiya. Wannan ya taurara mu, mun kuwa gode wa Allah da ba mu juya baya ba. Amma ina ganin da yawa a cikinmu a nan muka tsaya. Muna da kaifi a kan maƙwabta, da matanmu, da 'ya'yanmu, har a taron ikilisiya, muna ce da shi himma.

Ba wani nake nunawa da yatsa ba. Babban ɗana ya yi fashin sujada Lahadi uku a jere. Ban tambaye shi dalili ba. Na tsayar da shi a gaban ƙannensa da uwarsa, na ce ya kunyata gidan dattijon ikilisiya. Da aka gama girbi ya tafi cin rani, shekara biyu ba mu ji muryarsa ba. A cikin shekarun nan ina tsayawa a gaban jama'a ina koyarwa, amma in na durƙusa a ɗaki ba na iya addu'a. Uwarsa ba ta taɓa yi mini gori ba. Kowane dare takan ambaci sunansa a addu'ar iyali, ni kuwa ina jin abin yana ƙona ni a hankali.

A damina ta uku na nemi lambarsa a wurin abokinsa. Na ce, “Ɗana, ni ne babanka. Na yi maka laifi, ka gafarta mini.” Ya daɗe bai ce kome ba. Daga baya ya ce a makonnin nan uku bashi ne ya bi shi, kunya ta hana shi shiga cikin mutane. Bai dawo gida ba tukuna, amma yakan kira ran Lahadi da yamma, ya tambayi lafiyar uwarsa da yadda gero yake.